Wuƙar aljihu mai daɗin hannu: shawara ga samarinmu na Zango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan abin da wasu za su ga bai kai a ɓata masa tawada ba, wato 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa. Sana'ata gyaran keken ɗinki ce a Aboabo, nan Kumasi. Tsakanin sifirin da noti da man keke na girma, don haka duk inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe ina da abin cewa.

Kwanakin nan samari sun yawaita kawo mini wuƙaƙe in duba musu. Yaro zai ga wani a TikTok ya taɓa wuƙa da yatsa ɗaya ta fito fat, ya sake taɓawa ta koma, sai ransa ya biya. Ya tattara kuɗin da ya sha rana kafin ya samu, ya sayo mai ƙyalli da zane-zane a jiki, kafin wata ya zagayo ta fara girgiɗi. Sai ka ji, “Masta, ɗaure mini ita.” Mafi yawansu babu abin ɗaurewa, tun daga masana'anta a sake suka fito. Ga kuma dattawanmu a gefe guda, da zarar sun hangi wuƙa a hannun saurayi sun gama yanke hukunci ya shiga daba. Ni ban ga laifin yaran nan ba don sun so abin. Abin da suka rasa shi ne wanda zai koya musu zaɓe, ya kuma nuna musu inda ake fito da ita da inda ba a fito da ita.

Hannun mutum ba ya son zaman banza. Dattijo ya gama lazimi amma carbin yana nan yana murzawa. Direban trotro, motar hayarmu, yana jiran mota ta cika yana kaɗa makulli a yatsa. Tela in babu aiki almakashi yake buɗewa yana rufewa. Wuƙa a aljihu kuma ba baƙuwa ba ce a Zango. Da ita malam ke fiƙe alƙalami a makarantar allo, da ita ɗan goro ke yanke igiyar huhu yana cire wurin da ya ɓaci, da ita ake fere lemu da rake, ake gyara bakin asuwaki. Wanda ya saba da ita ya san bayan an gama aikin hannu ba ya saurin mayar da ita aljihu, sai ya ɗan buɗe ya rufe tukuna.

Abin da nake so samari su gane shi ne, daɗin nan da hannu ke ji shi ne shaidar aikin maƙeri. Kamar keken ɗinki ne: ka murza kansa da tafin hannu tun kafin a sa zare, ka san ko zai yi ɗinki ko zai wahalar da tela. Wuƙar da ke buɗewa sumul, ta tsaya cak ba girgiɗi, ta koma tsakiyar ƙotarta daidai, ita ce kuma wadda ba za ta ci yatsanka ba. Wanda ya iya saurarar hannunsa a gaban tebur ya riga ya tsira daga rabin asara.

Bari in fara da ta iyayenmu, Okapi. A shekarar 1902 aka fara ƙera ta a garin Solingen na Jamus, don a kawo ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka a lokacin, har da Togo maƙwabciyarmu. A 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ƙotarta katako ce, an dasa mata jinjirin wata da taurari, ga sifirin shimfiɗe a gadon bayanta da ɗan zobe a rataye. Gindin ruwan wuƙar yana da haƙora, shi ya sa in kana buɗe ta a hankali za ka ji ƙar, ƙar, ƙar, sannan ƙas, ta kulle. In za ka rufe sai ka sa yatsa a zoben ka ɗaga sifirin. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, to a Okapi kana jin amon nan har cikin tafin hannu, ba a kunne kaɗai ba. Har yau ban riƙe wuƙar da ta kai ta daɗin sauraro ba. Sai dai baƙin ƙarfe ce, tana tsatsa in an bar ta da jiƙa, sabuwa kuma takan so a kai ta dutse a gyara mata kaifi. Babbar cikinsu ruwanta ya kai kusan santimita 10, ta yi wa aljihun birni yawa, kuma 'yan daba sun ɓata mata suna a Afirka ta Kudu da Jamaika. Wanda ke so ya nemi ƙaramar, ya ajiye ta a shago.

Akwai wata ta Faransa da ake kira Douk-Douk, ana yin ta a garin Thiers tun 1929. Falle ɗaya na ƙarfe aka ninke ya zama ƙota, sai sifirin mai taurin gaske, shi ke nan. Siririya ce, ba ka jin ta a aljihun jallabiya. Ta asali tana ɗauke da hoton wani dodo, amma akwai samfurinta mai suna El Baraka da aka yi wa zanen nan na Agadas maimakon hoton, kuma ita nake shawartar Musulmi ya nema. Ba ta da makulli, ƙarfin sifirin ne ke riƙe ta, kuma tana tsayawa a rabin hanya kafin ta ƙarasa rufewa. Tsayawar nan ita ke ba yatsa damar kaucewa. In ta ƙarasa kuwa, tas ɗin da take yi sai na kusa da kai ya waiwayo.

Opinel ita ma ta Faransa ce, tun 1890, daga yankin Savoie. Zoben da ke wuyanta, wanda ake murzawa ya kulle ruwan, a 1955 aka ƙara shi. Lamba 8 ita ce daidai aljihu, ruwanta santimita 8 da rabi. Wannan ita ce ta mai son wasan shiru: babban yatsa ya murza zoben dama, ya murza hagu, babu wanda ya ji komai. Amma ga abin da mai bidiyo a Turai ba zai damu ya gaya maka ba. Ƙotarta katako ce zalla, Kumasi kuwa garin ruwa ne, damina biyu muke yi a shekara. Daga watan Mayu zuwa Yuli katakon kan sha raɓa ya kumbura ya matse ruwan, ka ja da farce har farcen ya nemi ɓallewa. Maganinsa shi ne ka buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, tsinin zai leƙo ka kama. Ni nakan shanya tawa ta bushe sarai, in shafa man kaɗanya a bakin katakon inda ruwan ke juyawa, sai ta daɗe ba ta kumbura ba. In hunturu ya shigo kuma ta sake da kanta.

Ta sojan Suwizalan, Victorinox, kowa ya san ta, jar nan. Karl Elsener ya kafa aikin a Ibach a 1884. 'Yar ƙaramarta mai tsawon milimita 58 tana da almakashi da magogin farce da tsinken sakace, ana rataye ta a makulli. Wanda ke aikin ofis ko shagon magani, yake kuma son abin taɓawa, wannan ta ishe shi, kuma babu wanda zai tsorata.

Yanzu in zo kan na zamani, waɗanda ake buɗewa da hannu ɗaya, don su ne suka ɗauke hankalin yaranmu. Kamfanin Spyderco na jihar Kolorado a Amurka shi ya fito da rami zagayayye a jikin ruwan wuƙa a 1981, inda babban yatsa ke shiga ya tura, tare da ɗan maƙalin da ake soke ta da shi a bakin aljihu. Wasu kuma ɗan kunne ne a bayansu, manuniya ta danna ruwan ya tashi. Sirrin fat ɗin nan da ake gani a bidiyo yana wurin wata mitsitsiyar ƙwallon ƙarfe da ke cikin ƙota. In wuƙa tana rufe, ƙwallon tana zaune a cikin ɗan rami a gindin ruwan, ta riƙe shi. Kana dannawa ƙarfin yatsanka yana taruwa, ƙwallon ta ƙi saki, ta ƙi saki, sai ta saki gaba ɗaya, ruwan ya tafi da ƙarfin da ya taru. In riƙon ya yi rauni wuƙa ta fito a kasalance ta tsaya a hanya, kuma tana iya buɗewa a aljihu ka sa hannu ka gamu da kaifi. In ya yi yawa, kafin la'asar yatsa ya yi ja. Babu hoton da zai nuna maka wannan, dole sai ka danna da kanka.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne makulli. Mafi yawan wuƙaƙen da ake kawo mini irin makullin nan ne da wani maƙeri Ba'amurke, Michael Walker, ya inganta a farkon shekarun 1980: falle ne na ƙarfe a cikin ƙota, in ruwa ya buɗe sai ya karkato ya tokare gindinsa. Makulli ne mai kyau ga mai aiki. Amma dubi yadda ake rufe shi. Babban yatsa ne zai shiga ya ture fallen gefe, wato yatsan yana kwance daidai kan hanyar da kaifi zai biyo. Mai yanka igiya sau biyu a wuni yana kallon abin da yake yi. Mai wasa kuwa yana buɗewa yana rufewa yana hira, idonsa na kan ƙwallo a talabijin, wata rana yatsa zai makara. Don haka mai son buɗe-rufe ya nemi wadda yatsunsa ba sa ratsa hanyar kaifi. Akwai mai sakata, wadda kamfanin Benchmade ya yi suna da ita tun ƙarshen shekarun 1990 da sunan AXIS: ɗan sandan ƙarfe ne ya ratsa ƙota, ka kama shi da yatsa biyu ka ja baya, ruwan ya saki, ka ɗan karkata hannu ya faɗa gidansa. Bahago da badama duk ɗaya ne a wurinta. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinta cikin sauƙin kuɗi. Rauninta 'yan siraran sifirin guda biyu da ke tura sakatar, masu yawan wasa sukan karya su, amma abu ne da ake lanƙwasa wani daga waya mai tauri a mayar. Akwai kuma mai maɓalli a gefe, ka danna ruwa ya saki. Ita ma tana da daɗi ƙwarai, sai dai a tabbata maɓallin ya ɗan nutse cikin ƙota, kada matsin hannu ya danna shi ana cikin aiki.

Sai abin da ruwan ke juyawa a kai. Wasu boris ne, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu gangarawa, wasu kuma washa ce ta tagulla, wato ɗan siririn faifai mai huda. Mai boris ita ce ke zubowa da kanta, ita samari ke so, kuma ranar da aka saye ta babu kamarta. To amma mu nan daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu har cikin akwati take shiga, ga zaren aljihu, ga ɓurɓushin goro. Boris ya sha wannan sai ka ji yana ƙuruc-ƙuruc. Washar tagulla ba ta da wurin da ƙura za ta zauna, kuma tana ƙara laushi ne da yawan aiki. Wanda ke aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, ko wurin gini ko kan babur, washa ce tasa. Wanda ya nace sai boris, to ya yarda da wanki, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wankin ba wuya: tsohon buroshin haƙori, ɗan kananzir, a bari ta bushe, sannan ɗigo ɗaya na man keke a kowane gefe. Ɗigo ɗaya na ce. Mai in ya yi yawa shi ke kiran ƙura. Kada a sa man ja ko man gyaɗa a wurin, daskarewa suke su yi danƙo. Sukurorin yawancinsu masu bakin tauraro ne, lamba T6 da T8, kuma masu gyaran waya a Adum suna da irin abin kwance su.

Maganar ƙarfe ba zan ja ta ba. Cikin ire-iren ƙarfen da ake yin ruwan wuƙa da su, wanda ake kira D2 yana riƙe kaifi amma yana ɗigon tsatsa a raɓarmu. 14C28N na Suwidin ya fi dacewa da Kumasi da Akra mai iskar teku. 8Cr13MoV mai araha ne, yana saurin dakushewa, yana kuma saurin karɓar dutse, babu laifi. Tsawon ruwa kada ya wuce santimita 7 zuwa 8, nauyi kuma wanda ba zai ja aljihun riga ƙasa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne jabu. Wani yaron shagona ya sayo wata wurin wani mai tebur, an buga mata sunan babban kamfani, kuɗinta kuwa bai kai na kwalin ta gasken ba. Yana yanka bel ɗin keke da ita, fatar ta yi tauri, ya ɗan murɗa hannu, makullin ya zame, ruwan ya naɗo ya sauka kan yatsunsa biyu. Sai da aka yi masa ɗinki, ya yi makonni bai riƙe sukudireba ba. Da na kwance wuƙar na ga fallen makullin, da yatsa na lanƙwasa shi. Inda ya kamata ya tokare gindin ruwan da faɗinsa, da ɗan gefen baki kawai yake taɓawa. Wanda ya yi ta bai yi ta don a yi aiki ba, ya yi ta don ta yi kama da wata a hoto. Araha ba ta ado. Ba kuma ina cewa kayan Sin ba su da kyau ba ne. Garin Yangjiang a lardin Guangdong cike yake da masana'antun wuƙa, kuma akwai kamfanoni irin su Civivi da ke sa sunansu na kansu a kan kayansu, aikinsu kuma tsaf. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou, don Allah irin waɗannan za ku riƙa ɗauko mana. Wanda ya sa sunansa yana jin kunyar kayansa su lalace, wanda ya saci sunan wani ba shi da abin karewa.

In ka tsaya gaban mai sayarwa, ka nemi izini ka buɗe ta. Kama bayan ruwan ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. In ka ji motsi ko kaɗan, ajiye. Yatsunka a gefe, danna gadon bayan ruwan a kan katako ka ga ko makulli zai zame. Rufe ta ka leƙa, ruwan ya zauna a tsakiya ko yana gogar gefe ɗaya? Kifa ta ka kaɗa, in tsini ya leƙo ba ta aljihu ba ce. Sannan ka buɗe ka rufe kamar sau goma, ka ji ko akwai wurin da ke cizon yatsa, don abin da ya ɗan dame ka a sau goma zai sa yatsa ya yi kanta a sau dubu. Mai kayan kirki ba ya hana wannan. Wanda ya ce sai ka biya kafin ka taɓa, yi masa sallama.

Masu tsalle da kansu in an danna maɓalli, da mai ƙota biyu ta Batangas a ƙasar Filifin da ake wulwulawa a iska, ban shawarci kowa ya yawo da su ba. Wanda ke sha'awar wulwulawar akwai ta koyo marar kaifi, ya saya ya yi a tsakar gida.

Edita, ga ɓangaren da ya fi duk na baya nauyi a wurina. Mu mutanen Zango mun san irin kallon da ake mana a ƙasar nan. Yaro ɗaya ya fito da wuƙa a cikin trotro yana fat-fat da ita, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi yaran Zango ne. Shi a ransa wasa yake, matar da ke gefensa da goyo kuwa cikinta ya ɗuri ruwa. Addininmu bai bar wannan ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna la'antarsa har sai ya daina, ko da ɗan'uwan nan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, ya kuma hana miƙa takobi a zare. Dokar ƙasa ma tana nan: sashe na 206 na dokar laifuka ta 1960 ya haramta riƙe makami a bainar jama'a ba da izini ba, kuma wanda aka kama shi ne zai kawo hujja. Wuƙar fere lemu a aljihun mai sana'a daban take da wuƙar da ake kaɗawa a tashar Kejetia, kuma ɗan sanda ba zai tsaya tambayar ko boris ce ko washa ba.

Saboda haka wasan nan na ɗaki ne da bayan kanta a shago. Ba a majalisar ataya in gardamar ƙwallo ta yi zafi ba, ba wurin biki ba, ba taron siyasa ba, ba gaban ƙananan yara ba, don abin da suka ga babba yana yi shi za su gwada in ya juya baya. In wani ya ce ara mini, rufe ta ka miƙa. Mai tafiya ta jirgi, har da alhazanmu, ya sa ta a babbar jaka, in ba haka ba a wurin bincike za a karɓe. Iyaye kuma ina roƙo, in kun ga wuƙa wurin ɗanku kada ku fara da zagi. Ku karɓa ku duba makullinta, ku tambaye shi me yake yankawa da ita, ku gaya masa inda ba a fito da ita. Yaron da aka ƙwace wa zai sayi wata ya ɓoye, kuma jabu zai saya.

Kirana na ƙarshe ga maƙeranmu ne. A Suame ana mayar da tsohon sifirin mota wuƙar da mahauci ko mai cicinga, wato tsire, zai yi shekaru yana aiki da ita, ga masu injin sassaƙa ƙarfe da ke fitar da abin da ya fi gindin wuƙa wuya. Irin Douk-Douk ɗin nan falle ne da sifirin da ruwa da ƙusa biyu, babu abin da ya gagare mu a ciki. In akwai wanda ya taɓa gwada ƙera mai naɗewa a Kumasi ko Akra ko Tamale, ina roƙon ya rubuto wa jaridar nan ya faɗi inda aikin ya tsaya masa. In wajen sifirin ne, ni zan iya taimakawa.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran keken ɗinki,
Aboabo, Kumasi